Na kalli Citizenfour jiya: wai me finafinan masu fallasa sirrin gwamnati suka taɓa canzawa?

Ɗan_Fagge
Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare Allah ya sa aka bar mana wuta, na zauna na kalli Citizenfour, fim ɗin da Laura Poitras ta fitar a 2014 a kan Edward Snowden. Ga wanda bai san shi ba, ba wasan kwaikwayo ba ne. Mutumin ne da kansa, ɗan shekara 29, zaune a kan gado a wani otal a Hong Kong cikin watan Yunin 2013, yana damƙa wa 'yan jarida takardun sirri na hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, ita kuma matar tana ɗauka. Ba harbi, ba tseren mota. Amma akwai inda ƙararrawar gobara ta otal ɗin ta fara kaɗawa, kowa ya yi tsit, ni ma a ɗakina sai da gabana ya faɗi. Ashe gwaji kawai ake yi.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Mutumin nan yana Rasha har yau, gida ya gagare shi. Shi kuwa James Clapper, babban jami'in leƙen asirin da aka tambaya a majalisar dattawa a watan Maris na 2013 ko suna tattara bayanan miliyoyin Amurkawa ya ce a'a, ko ƙofar kotu bai taka ba. To me aka yi ke nan? Ni fa na fara ganin waɗannan finafinan ba abin da suke canzawa. Mu kalla, ranmu ya ɓaci na dare ɗaya, gari ya waye kowa ya kama gabansa, shi kuma mai fallasar ya ci gaba da shan ukuba shi kaɗai. Mai ja ya zo mu yi. Wanda kuma ya san wasu irinsa ya ba ni sunayensu.

Bazazzagiya
Wa alaikumus salam. Ni wurin da ya lulluɓe kansa da kwamfutarsa da jan mayafi don zai rubuta lambar sirri ne ya ba ni dariya. Daga baya kuma na daina dariyar, don na tuna shi ya san abin da suke iya gani, ni ban sani ba.

Injiniya_Sadik
Ɗan Fagge, ka yi saurin yanke hukunci. A watan Yunin 2015 majalisar Amurka ta yi dokar da ta hana NSA kwashe bayanan kiran wayar jama'a gaba ɗaya ta jibge a wajenta, kuma a 2020 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce shirin can ya saɓa wa doka. Sannan duba wayar da ke hannunka. A 2016 WhatsApp ya kulle saƙonnin kowa ta yadda daga mai aikawa sai mai karɓa ke iya karantawa. Kafin 2013 wa ya damu da wannan in ba mu 'yan kwamfuta ba? Da kamfanonin suka ga sunayensu a takardun PRISM, shirin NSA na karɓar bayanan mutane daga kamfanonin intanet, su Google da Facebook da Apple, kunya da tsoron rasa kasuwa suka sa su gyara.

Ɗan_Fagge
Injiniya, na ji. Amma wannan aikin takardun ne da jaridu, Guardian da Washington Post. Fim ɗin bai fito ba sai bayan shekara guda da 'yan watanni. Ni a kan fim nake magana.

Tsohon_Soja_77
Ku yi haƙuri zan ɓata muku hira. Yaron nan amana aka ba shi ya ci. Ya sa hannu a takardar riƙe sirri, yana karɓar albashi mai kauri a Hawaii, ya kwashe kaya ya gudu. Kwamitin leƙen asiri na majalisar wakilansu ya fitar da rahoto a 2016 ya ce takardu kusan miliyan ɗaya da rabi ya ɗiba, kuma yawancinsu sun shafi harkar soja ne, ba leƙen wayar talaka ba. A fim ɗin kun ga an zaunar da wani daga wancan ɓangaren an ji ta bakinsa da kyau? Kuma duk ƙasashen duniya ya rasa inda za shi sai Mosko, har Putin ya ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2022. Mu da muka sa kaki mun san abin da ake kiran wannan.

Lauyan_Talaka
Ranka ya daɗe, da girmamawa, akwai gyara biyu. Na farko, ba Mosko ya nufa ba, hanya ce ta bi da shi zai wuce Kudancin Amurka. Gwamnatinsa ce ta soke fasfonsa, ya maƙale a filin jirgin Sheremetyevo wajen kwana 40. Ka tuna har jirgin shugaban Bolibiya Evo Morales sai da aka tilasta wa sauka a Biyenna don ana zargin yana ciki. Shugaban ƙasa guda fa. Adadin takardun kuma shi ya musanta.

Na biyu shi ne wanda na fi so a fahimta. Mutane suna cewa me ya sa bai bi ta hanyar ofis ba, ko ya tsaya a yi shari'a. A nemi fim ɗin Silenced na James Spione, shi ma na 2014 ne. A ciki akwai Thomas Drake, babban ma'aikaci a NSA ɗin nan. Shi ya bi ƙa'ida, ya kai ƙorafi ga shugabanninsa da masu binciken cikin gida da kwamitocin majalisa, sai da ya gaji sannan ya yi magana da 'yar jarida. Aka kai samame gidansa, a 2010 aka tuhume shi da dokar leƙen asiri ta 1917. A 2011 manyan tuhume-tuhumen suka rushe, amma kafin nan an gama da shi, ya koma aiki a shagon Apple. Akwai kuma John Kiriakou na CIA da ya tabbatar a talabijin a 2007 cewa ana azabtar da fursunoni da ruwa. Shi aka yanke wa wata 30 kan bayyana sunan wani jami'i, masu azabtarwar suna gidajensu.

Ita dokar ta 1917 ba ta ba ka damar ka ce wa masu taya alƙali hukunci na yi ne don amfanin jama'a. Tambaya ɗaya ce, ka fitar ko ba ka fitar ba. Snowden ya ga abin da ya sami Drake. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Tsohon_Soja_77
Barista, na karɓi maganar fasfo. Amma in kowane ƙaramin ma'aikaci zai zama shi ne alƙalin abin da ya kamata ya zama sirri, babu ƙasar da za ta tsaya. Wannan ba ka ba ni amsarsa ba.

Ummu_Hanan
Tambaya ce da ni ba gardama ba. Wai me za mu kira mutanen nan da Hausa? A rediyo ina jin "masu kwarmata bayanai", wasu su ce "masu busa usur" kamar yadda Turawa ke faɗa. Duk kalmar da na ɗauko sai na ji da wari: tsegumi, tonon asiri, tonon silili, kai gulma. Mu da addu'armu kullum Allah ya rufa mana asiri, yaya za a yi mai tona shi ya zama gwarzo a idonmu?

Malam_Na_Zaure
Malama Ummu Hanan, tambayarki ta fi ta mai gida nauyi. Rufin asirin da aka kwaɗaitar da mu a kai shi ne na mutum da laifin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, wanda bai cutar da kowa ba. Amma a ƙarshen suratul Baƙara an hana ɓoye shaida. Imam Nawawi ma a Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, a ciki akwai kai ƙarar zalunci da gargaɗin jama'a daga sharri. Wanda ya ga ana cin dukiyar marayu ya yi shiru, ba asiri ya rufa ba.

Sai dai ina tare da Baba Soja a wani wuri. Malamai sun sa sharaɗi: ka tabbatar, ka faɗi iya abin da buƙata ta kama, kuma kada gyaran ya haifi ɓarnar da ta fi shi. Kwashe rumbu guda a watsar a kasuwa don akwai ruɓaɓɓen dami ɗaya a ciki, wannan sai an duba.

Kwankwason_Jimina
Malam ya taɓo inda Snowden da Julian Assange, wanda ya kafa shafin fallasa na WikiLeaks, suka raba hanya. Snowden 'yan jarida ya ba, ya ce su tace su zaɓa. WikiLeaks kuwa a watan Yulin 2010 ta saki dubban takardun yaƙin Afganistan da sunayen wasu 'yan ƙasar da suka yi wa sojan Amurka aiki a ciki. Ku kalli We Steal Secrets na Alex Gibney, 2013. Bai raga wa Assange ba ko kaɗan.

Injiniya_Sadik
Wannan fim ɗin a kalle shi da lura. Assange bai zauna da Gibney ba, kuma WikiLeaks ta fitar da rubutun fim ɗin gaba ɗaya tana bin sa layi-layi tana ƙaryatawa. Ko sunan ma akwai wayo a ciki. Wanda ya ce "muna satar sirri" a fim ɗin ba ɗan WikiLeaks ba ne, Michael Hayden ne, tsohon shugaban NSA da CIA, yana bayanin aikinsu. Amma wanda ya ga sunan a allo zai ɗauka Assange ne ya faɗa.

Lauyan_Talaka
Ƙari a kan maganar sunaye. A shari'ar Chelsea Manning, sojar Amurkan da ta ba WikiLeaks takardun, a 2013, janar ɗin da ya jagoranci binciken illar takardun, Robert Carr, bai iya nuna wa kotu mutum ko ɗaya da aka kashe saboda sunansa ya fito a ciki ba. Wannan bai wanke sakacin ba, don an jefa mutane cikin haɗari. Amma shekara 35 aka yanke mata, sai da Obama ya sassauta aka sake ta a 2017. Su kuwa matuƙan jirgin da ke cikin bidiyon Bagadaza na 12 ga Yulin 2007, wanda aka kashe ma'aikatan Reuters biyu, Namir Noor-Eldeen da Saeed Chmagh, aka raunata yara biyu a cikin motar da ta tsaya taimako, rundunar ta ce ba su karya ƙa'ida ba. Reuters ta nemi bidiyon ta hanyar doka tun 2007 ba a ba ta ba. Da ba a fitar da shi ta bayan gida a 2010 ba, da wa zai gani?

Baba_Editan_Da
Yarana, na bar ku kun ɗan gaji tukuna. Na yi shekaru a ɗakin labarai tun ana buga labari da tafireta, bari in mayar da ku baya.

Ɗan Fagge, nemi The Most Dangerous Man in America, na 2009, a kan Daniel Ellsberg. Shi ne ya kwafi shafi 7,000 na tarihin sirri na yaƙin Biyetnam, yana zuwa da daddare yana ɗorawa a injin kwafi ɗaya bayan ɗaya, har 'ya'yansa suka taya shi. Takardun sun nuna gwamnati bayan gwamnati tana faɗa wa jama'a wani abu alhali ta san wani abu daban. New York Times ta fara bugawa ranar 13 ga Yunin 1971, gwamnati ta samo umarnin kotu ta tsayar, wasu jaridu suka ɗauka, ranar 30 ga wata kotun ƙoli ta ce a ci gaba, alƙalai 6 da 3. To ka san me ya biyo baya? Shugaban ƙasa Nixon ya sake lashe zaɓen 1972 a jiha 49 cikin 50. Yaƙin bai ƙare ba sai 1975. In a nan ka tsaya, maganarka ta tabbata.

Amma fushin da Nixon ya yi da mutumin ne ya sa ya kafa 'yan aikin ɓoye a fadarsa, suka fasa ofishin likitan ƙwaƙwalwar Ellsberg suna neman abin ɓata shi. Da wannan ya fito a 1973 alƙali ya kori shari'ar, mutumin da ake nema wa shekara 115 ya tafi gida. Cikin mutanen nan ne aka sami masu hannu a Watergate, badaƙalar fasa ofishin jam'iyyar adawa, abin da ya kori Nixon a 1974. Ka ga ba takardun ne suka kayar da shi ba, abin da ya yi don huce haushinsu ne.

Wanda na fi so duk cikinsu kuwa sunansa 1971, na Johanna Hamilton. Mutum takwas, cikinsu har da malamin jami'a da mata da miji masu ƙananan yara uku, suka fasa wani ƙaramin ofishin FBI a garin Media na jihar Pennsylvania ranar 8 ga Maris 1971. Me ya sa wannan daren? Daren damben Muhammad Ali da Joe Frazier ne, sun san hankalin kowa yana can. Suka kwashe takardu sama da 1,000 suka aika wa jaridu. Daga nan aka fara jin sunan COINTELPRO, shirin leƙen asiri da hargitsa ƙungiyoyin baƙar fata da masu adawa da yaƙi. Hoover, shugaban FBI na lokacin, ya baza jami'ai kusan 200, ba a kama ko ɗaya ba. Shekara 43 suna shiru, sai 2014 wasunsu suka fito.

Ga abin da zai ba ka haushi. Binciken majalisa da ya biyo baya ne ya haifi dokar 1978 da ta kafa kotun sirri mai sa ido a kan leƙen asiri. Wannan kotun ce ta sa hannu a umarnin karɓe bayanan kamfanin wayar Verizon, takarda ta farko da aka buga daga kayan Snowden. An gina shinge, akuya ta koyi tsallakawa.

Bazazzagiya
Baba, daren damben Ali! Wallahi da marubucin fim ne ya ƙirƙiro wannan da mun ce ya cika ƙarya.

Ɗan_Fagge
Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ka lura har yanzu labarin takardu da jaridu kake ba ni. Fim ɗin Ellsberg ya zo bayan shekara 38. Kuma ga wani abu da na lura da shi. A cikin Citizenfour Snowden ya nanata cewa ba ya so labarin ya koma kansa. To mu duba nan. Mun yi magana a kan fasfonsa, da mayafinsa, da Putin. Wa zai iya faɗa mini abu uku da ke cikin takardun ba tare da ya leƙa intanet ba? Kyamara fuska take so, takarda ba ta da fuska.

Bazazzagiya
Leƙen wayar Merkel ta Jamus. Verizon. Sai... to, ka kama ni.

Hajiya_Mai_Littafi
Ƙanina, gaskiya ka faɗa amma rabinta. Kai kanka da ba don fuskar ba, da ka karanta umarnin wata kotu a kan Verizon? Shekaru bayan abin ya faru kana Kano ka kasa barci a kansa. Jarida ta kwana ɗaya ce, washegari an naɗe ƙosai da ita. Fim ɗin ne ya kawo maka.

Inda nake da damuwa shi ne mai riƙe da kyamarar. Poitras ba 'yar kallo ba ce. Snowden ne ya zaɓe ta ya rubuta mata, shi ya sa wa kansa suna Citizenfour. An sha tsare ta a filayen jirgin Amurka bayan fim ɗin da ta yi a Iraƙi, shi ya sa a Balin ta haɗa wannan. Tana cikin labarin tsundum, kuma ba ta ɓoye ba. Ku dubi Risk, wanda ta yi a kan Assange. Wanda ta nuna a bikin Cannes a 2016 daban, wanda ta saki a 2017 daban, ta sake yanka shi ya fi tsanani a kansa bayan ra'ayinta ya sauya. Mutum ɗaya, mai ɗauka ɗaya, hotuna kusan ɗaya, fim biyu. Tun daga nan na daina ce wa irin waɗannan "fim ɗin gaskiya".

Ɗan_Damagaram
Sannunku. Ni National Bird na Sonia Kennebeck zan ba ku, na 2016, a kan waɗanda suka yi aikin jirage marasa matuƙa suka dawo suna magana. Ɗaya daga cikinsu, Daniel Hale, ana cikin ɗaukar fim ɗin FBI suka shiga gidansa, a 2021 aka yanke masa wata 45. Takardun da aka buga sun nuna a wani farmaki a Afganistan, cikin wata biyar, kusan tara cikin goma na waɗanda aka kashe ba su ne aka nufa ba. Mu da aka gina wa sansanin irin jiragen nan a Agadas har suka tashi a 2024, ba kallon nishaɗi muka yi masa ba.

Mu ma a 2020 rahoton binciken kuɗin ma'aikatar tsaro ya fito, ana maganar miliyar 76 na sefa a cinikin makamai, sojoji kuma suna mutuwa a iyaka. Ɗan jarida Moussa Aksar da ya bi diddigin kuɗin shi aka maka a kotu. Wannan labarin wa zai yi masa fim?

Kwankwason_Jimina
Kada a ce Amurka kaɗai. Icarus, 2017. Grigory Rodchenkov, shugaban ɗakin gwajin 'yan wasa na Mosko, ya bayyana yadda ake musanya fitsarin 'yan wasan Rasha ta wata kafa a bango a gasar Sochi ta 2014. Shi ya gudu daga Rasha Amurka ta ɓoye shi, Snowden ya bar Amurka Rasha ta riƙe shi. Kowace gwamnati tana son mai fallasa, in dai na maƙwabci ne. Icarus da Citizenfour kuma duk sun ci kyautar Oscar.

Ɗan_Sabon_Gari
Ana ta Bagadaza da Mosko an manta da gida. Cikin wasiƙun ofisoshin jakadancin Amurka sama da 250,000 da WikiLeaks ta fara saki a ƙarshen 2010 akwai namu. Akwai wadda ta ruwaito wata shugabar Shell tana gaya wa jakadiyar Amurka cewa suna da mutane a duk ma'aikatun da suka shafe su. Akwai ta Pfizer, wadda ta ruwaito manajansu yana cewa an ɗauki masu bincike su tono laifin ministan shari'a na lokacin don ya saki shari'ar Trovan, maganin da kamfanin ya gwada a kan yara. Kamfanonin biyu sun musanta. Amma Trovan ai a Kano aka yi, lokacin sanƙarau na 1996, yara 200, 11 suka rasu, aka sasanta da jihar a kan dala miliyan 75 a 2009. Mutanen da abin ya shafa suna nan da ransu. Me masu fim ɗinmu suke jira?

Zangon_Kumasi
Mu a Gana muna da Anas Aremeyaw Anas. A 2015 ya nuna alƙalai suna karɓar kuɗi, har da akuya, mutane suka yi layi a Ankara, babban birninmu, don kallo, aka kori da yawa. A 2018 ya yi Number 12 a kan ƙwallo, shugaban hukumar ya sauka. Ɗan Fagge, ga fim da ya canza abu cikin kwanaki. Amma a Janairun 2019 aka harbe abokin aikinsa Ahmed Hussein-Suale a unguwar Madina ta Ankara, bayan wani ɗan majalisa ya nuna hotonsa a talabijin. Allah ya jiƙansa.

Baba_Editan_Da
Amin. Sai dai ɗana, Anas ɗan jarida ne mai ɓad da kama, daga waje yake shiga da kyamara. Mai fallasa ɗan gida ne, da katin aiki da fansho da zai rasa. Amma misalinka ya amsa wa Ɗan Fagge. Haka na BBC a kan kodin a 2018, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano, ko kwana biyu ba a yi ba gwamnati ta hana haɗa maganin tarin da shigo da shi. Bambancin shi ne a waɗannan fim ɗin ne fallasar. A na Snowden fim ɗin shaida ne a kan fallasar da aka riga aka yi.

Ma'aikaci_Shiru
Ban cika magana a nan ba. Ni abin ya taɓa faruwa da ni, ba a fim ba. Ina sashen albashi a wani wuri, na ga sunaye a takardar biya na mutanen da ban taɓa gani ba, biyu ma na san sun rasu don na je jana'izar ɗaya. Na rubuta wa na sama da ni, da hannuna na kai. Bayan mako uku takardar canjin wurin aiki ta fito, aka tura ni wani ƙauye da mota ke shiga ranar kasuwa kawai. Wannan bai dame ni ba kamar yadda abokan aiki suka daina zama kusa da ni a masallaci. Wani dattijo ya zo har gida ya ce wa mahaifina ɗanka yana tona wa mutane asiri, masu iyali. Mahaifina bai ce na yi laifi ba, bai kuma ce na yi daidai ba. Shekara huɗu na yi a can.

Na kalli Citizenfour. Inda yake karanta saƙon budurwarsa cewa an zo gidansu ana tambaya, nan na kashe. Sai bayan kwana biyu na ƙarasa.

Ummu_Hanan
Allah sarki. Allah ya saka maka, Yaya. Abin da nake nufi ke nan ɗazu.

Lauyan_Talaka
Ɗan'uwa, abin takaicin shi ne ko yau ne ba ka da wata cikakkiyar dokar tarayya da aka yi musamman don ta kare ka. Abin da ma'aikatar kuɗi ta fito da shi a Disambar 2016 tsari ne na lada, kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Shi ya kai ga dala miliyan 43 da aka samu a wani gida a Ikoyi a 2017, shi ma mai ba da labarin sai da aka yi ta ja-in-ja kafin a biya shi. Lada daban, kariya daban. Gana tana da dokarta tun 2006. Mu muna da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 mai cewa a ba ka amsa cikin kwana bakwai, ga kuma dokar sirrin gwamnati ta 1962 da ma'aikaci ya fi tsoro.

Tsohon_Soja_77
Ma'aikaci Shiru, kai ka yi abin da ya dace, ka bi ta ofis, ka tsaya ka sha abin da ya biyo baya. Da kai nake sara wa. Har yanzu ban haɗa ka da wanda ya hau jirgi ba.

Ma'aikaci_Shiru
Na gode, Baba. Amma sunayen suna nan a takardar har na bar wurin.

Ɗan_Garwa
Ba wanda ya ambaci Katharine Gun? Mai fassara ce a GCHQ, hukumar leƙen asiri ta Ingila. A 2003 ta fitar da wasiƙar NSA mai neman a taya su leƙen wakilan ƙasashe shida a kwamitin sulhu kafin ƙuri'ar yaƙin Iraƙi, har da Kamaru da Gini da Angola. Aka gurfanar da ita, a 2004 gwamnati ta janye ƙarar. Akwai fim ɗinta, Official Secrets.

Hajiya_Mai_Littafi
Wannan 'yan wasa ne suka yi shi, kamar Snowden na Oliver Stone. Yana da kyau, amma ba cikin waɗanda Ɗan Fagge ya nema ba ne. Kuma yaƙin da ta so ta hana an yi shi.

Ɗan_Fagge
Na rubuta 1971 da Silenced da na Ellsberg. Zangon Kumasi ya karya mini rabin magana, na yarda, wanda fim ɗin ne da kansa ya yi fallasar yana cizo. Sauran rabin ina nan a kai. Ma'aikaci Shiru, in ba damuwa, da wani zai zo da kyamara yau ya ce ka ba da labarin nan, a rufe fuskarka a sauya murya, za ka yarda?

Ma'aikaci_Shiru
Mu uku ne kawai a sashen. Ko an rufe fuska an san ko wane ne.